Kawu ya ce in tafi taron Riyad, maiɗakina ta ce tattabaru sun fi su ganina

Assalamu alaikum. Ni mazaunin Jidda ne, a nan aka haife ni, iyayenmu daga Kano suka zo. Ni nake riƙe da lissafin kasuwancin kawuna, mai sayar da abaya, jallabiya, darduma da turare, sari da ɗai-ɗai. Muna da shago a unguwar Balad da sito a unguwar Khumra, kuma yawancin masu sarinmu 'yan Kantin Kwari ne. Hukumar zakka, haraji da kwastan ta Saudiyya, wato ZATCA, ta aiko mana cewa lokacinmu ya yi na haɗa na'urarmu da tasu, manhajar da muke aiki da ita kuwa ba za ta iya ba. Kawu ya ce in je LEAP, babban taron baje-kolin fasahar zamani da ake yi a Riyad, kwana huɗu, in zaɓo wata. Ni ma raina yana so, don ban taɓa zuwa irin wannan taro ba.

Matsalar ita ce walimar saukar Alƙur'ani ta babbar 'yarmu ta faɗo a daren ranar ƙarshe ta taron. An riga an kama istiraha, wato gidan hayar da ake yin taro a ciki, an gayyaci jama'a. Ga mahaifiyata tana tare da mu, tana da ciwon sukari, ni nake kai ta ganin likita. Da na gaya wa maiɗakina ba ta yi faɗa ba, sai ta ce, "Ka tafi mana, ai ko kana gari ma tattabarunka sun fi mu ganinka." Gaskiya ina kiwon tattabaru a kan bene. In na dawo daga aiki can nake hawa sai magariba, ranar Juma'a kuma ina kasuwar tsuntsaye. Ƙarshen wata da kwalin fatura, wato takardun shaidar ciniki, nake shigowa gida, in zauna a kansa har tsakar dare. Tun ranar nan ba ta sake ɗago maganar ba, daga gaisuwa sai gaisuwa. In na ƙi zuwa Kawu zai ga na raina shi, in na tafi ban san abin da zan tarar ba. In sayar da tattabarun ne? Ko in haƙura da taron?

Wani ɗan'uwa daga Jidda

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sanya albarka a saukar yarinya, ya ƙara wa Hajiya lafiya.

Ka tafi Riyad, amma kwana biyun farko kawai, ka dawo gida da yini guda cikakke a hannunka kafin ranar walima. Kada ka sayar da tattabarun. Wannan ɓangaren shi ne mai sauƙi. Mai wuyar shi ne kalmar da maiɗakinka ta faɗa maka, wadda na lura ka ji zafinta amma har yanzu ba ka zauna ka saurari abin da ke cikinta ba.

Walima dai ba abin a ɗora a sikeli ba ce. Yarinya ta yi shekaru tana bitar allo da mus'hafi, ranar da za ta zauna gaban jama'a ta karanta, fuskar da za ta nema a cikin taron taka ce. Tsakanin Jidda da Riyad kusan kilomita 950 ne, jirgin sama ba ya cika awa biyu, kuma Saudia da flynas da flyadeal suna tashi sau da yawa a yini, saboda haka ba ka da uzurin nisa. Sai dai kada shaiɗan ya raya maka cewa za ka iya kai wa ranar ƙarshe ka kamo jirgin la'asar. Wurin baje-kolin yana Malham ne, can arewacin Riyad, tafiya ce mai tsawo daga cikin gari, kuma in jama'a suka taso gaba ɗaya hanyar cushewa take yi. Jirgi ma yakan yi jinkiri. Ban da wannan, ranar jajibiri ita ce ranar aikin uba: duba rago, ɗauko shimfiɗu da ruwa, tarbar 'yan'uwa daga Makka da Madina, komawa istiraha a ga ko na'urar sanyaya ɗaki tana aiki. In ka bar wa maiɗakinka duk wannan ka bayyana da farar jallabiya ana gab da buɗe taro da addu'a, jama'a za su ce ka halarta, ita kuwa ta san ba ka nan.

Yanzu ga maganar tata. Ka sake karanta ta. Ba ta ce kada ka tafi ba. Cewa ta yi tafiyarka da zamanka ɗaya ne a wurinta, kuma mace ba ta kai wa ga faɗin haka sai ta daɗe tana haɗiyewa. Ka kwatanta yammacin gidanku daga inda take tsaye. La'asar ta yi, yara sun dawo daga tahfiz, wannan yana neman abinci, waccan tana da aikin makaranta, ƙaramin yana rigima. Tukunya tana kan wuta. Hajiya tana kira a gwada mata sukari. A cikin wannan hayaniyar take jin tsayuwar motarka, ta ji takunka a matakala, ya zo daidai ƙofa, ka yi sallama ka ajiye jaka, sai takun ya ci gaba zuwa sama. Awa biyun da suka fi kowanne nauyi a yininta su ne awa biyun da kake hutawa, kuma tsakaninku rufi ɗaya ne kawai. Bayan isha'i, lokacin da gida ya yi shiru har za a iya hira, sai kwali ya sauka a tsakiyar falo. To a ina take samunka?

Kada ka je mata da bayanin ZATCA da wa'adin wata shida da hukumar take bayarwa. Ta san aikinka halal ne, ta san shi ke ciyar da gidan, ba a nan damuwarta take ba. Ka nemi lokacin da yara suka kwanta, ka ajiye waya a wani ɗaki, ka ce mata maganar da ta yi ranar nan gaskiya ce, ka kuma ba ta haƙuri ba tare da ka bi shi da "amma" ba. Daga nan ka tambaye ta wane lokaci ne ya fi yi mata nauyi a yini, da abin da take so ka ɗauke mata. Sai ka yi shiru. Mai yiwuwa ta ce ba komai, don wanda ya daɗe ba a tambaye shi ba ba ya saurin amsawa. Ka jira, ko ka sake tambaya gobe. Mai yiwuwa kuma ta fito da abubuwan shekara uku da suka wuce waɗanda kai ka manta. Ba ranar kare kai ba ce. In ka jure wannan zama guda, maganar Riyad ku biyu za ku tsara ta, kuma za ka yi mamakin yadda za ta sauƙaƙa maka.

Game da Hajiya, ina so ka riƙe abu ɗaya: mahaifiyarka ce. Abin da maiɗakinka take yi mata alheri ne da neman lada, nauyin kuwa naka ne da 'yan'uwanka. Kwana biyun da ba ka nan, ka roƙi ƙanwarka ko yayarka ta zo ta kwana, ko wani ɗan'uwa mai mota ya zama a shirye. In ranar ganin likita ta faɗo a ciki, ka matsar da ita tun yanzu. Ka cika magani da kayan gwajin sukari, ka rubuta lokutan shan kowanne a takarda ka manna a jikin firji, tare da 997 ta motar agajin Hilal Ahmar da 937 ta Ma'aikatar Lafiya. Ka kuma shiga ɗakin Hajiya da kanka ka gaya mata za ka yi tafiya, ka nemi addu'arta, kada ta ji a bakin jikoki.

Tattabaru ba su yi laifi ba. Mutumin da ya yini yana kallon lambobi a allon kwamfuta yana da haƙƙin ya ɗaga kai ya kalli sama, ya saki garkensa ya ga yadda suke kewaya unguwa su dawo, ya leƙa ya ga 'yan shila sun fara gashi. Na fi son in ji namiji yana kan benen gidansa da tsaba a hannu a kan in ji yana wani wurin da ba a san inda yake ba. In ka sayar da su cikin ɓacin rai, wata biyu ba za su cika ba za ka fara jin cewa ita ta raba ka da abin da kake so, ita kuma ta ɗauki laifin da ba ta nema ba. Abin da za ka canja shi ne lokacin. Ka mayar da hawan bene bayan sallar asuba, kafin zafin Jidda ya taso, lokacin da babu mai bukatarka a ƙasa. Da yamma ka hau na minti goma ka duba ruwa, ka sauko. In yawansu ya kai yadda safiya ba za ta ishe su ba, ka rage, ka bar waɗanda ka fi ƙauna. Kasuwar Juma'a kuma ba dole ne kowane mako ba, kuma ranar da za ka je ka ɗauki ɗaya daga cikin yaran, ka ga an rage mata hannu ɗaya, shi kuma ya sami ubansa. (Tunda yara za su riƙa hawa: ka yayyafa ruwa kafin shara, ku rufe hanci, a wanke hannu bayan an sauko. Ƙurar kashin tattabara da ta gashinsu tana taɓa huhu idan aka daɗe ana shaƙa.) Ranar tafiyarka kuwa, ko da wasa kada ka ce mata ta riƙa hawa tana zuba musu tsaba. Ka ba abokin kiwonka mabuɗi.

Akwai tambayar da ba ka yi ba amma zan yi maka. Kai kana da bene. Ita mene ne nata? Yaushe rabon da ta fita wurin 'yan'uwanta ko ƙawayenta ba da yaro a hannu ba, ko ta zauna ta yi abin da ranta ke so, ɗinki ne, karatu ne, ko zama kawai a Kornish, bakin tekun Jidda, ta sha iska? Ka ware mata yamma ɗaya a mako da kai za ka riƙe gida, yara da Hajiya duka. Ka fara tun kafin tafiyar, don kada ya zama kamar cin hancin Riyad.

To, sai kwalin fatura, kuma a nan ne taron da gidanka suka haɗu. Me ya sa kake shigowa da shi? Ban ga shagonku ba, amma na san irinsa. Yaran shago suna sayarwa, wani su buga a na'ura, wani su rubuta a takarda su ce sai an jima. A sito ana fitar da kaya zuwa kargo da umarnin baki. Wani Alhaji daga Kano ya aiko da saƙon murya ta WhatsApp a ɗaura masa dozin talatin na abaya, zai turo rabin kuɗin, saura in ya zo Umara. Kawu kuma yana da ƙaramin littafi a aljihun jallabiya, wanda shi kaɗai ya san abin da ke ciki, a nan bashin manyan abokan ciniki yake. Ƙarshen wata duk waɗannan sai su taru a kanka, ka zauna kana daidaita abin da bai kamata ya rabu ba tun farko. Darenka da ake cinyewa daga nan yake fitowa. In ka sayo manhaja mafi tsada a duniya alhali wannan tsarin yana nan, ka sayo sabon kwaɗo ne ga ɗakin da ba shi da ƙyaure.

Saboda haka kafin ka yanki tikiti, ka zauna da Kawu, a gidansa, ba a shago gaban yara ba. Fara da walima. Jikarsa ce, shi ma yana cikin masu zama a sahun gaba, kuma ina kyautata zaton bai haɗa ranakun ba ne lokacin da ya ce ka yi kwana huɗu. Dattijo irinsa ba zai ga raini a cikin uba ya dawo saukar 'yarsa ba. Daga nan ka yi masa bayanin abin da doka ta zo da shi, a hankali, ba da sigar cewa hanyarsa ta tsufa ba, domin da wannan littafin aljihun ya gina kasuwancin da kuke ci a ciki.

Ga yadda abin yake. An shigo da harajin VAT a ƙasar nan ranar 1 ga Janairu 2018 a kan kashi 5 cikin ɗari, aka ɗaga shi zuwa kashi 15 a Yulin 2020. Daga 4 ga Disamba 2021 duk mai rajistar wannan haraji dole faturarsa ta fito daga na'ura, ta hannu ta daina aiki. Mataki na biyu, wanda ya iso kanku yanzu, ya fara ranar 1 ga Janairu 2023 da manyan kamfanonin da cinikinsu ya haura riyal biliyan 3 a shekara, aka riƙa saukowa rukuni-rukuni, kowane rukuni da sanarwar aƙalla wata shida. A wannan mataki, faturar da kuka yanka wa ɗan kasuwa irinku sai ta bi ta dandalin Fatoora na hukumar ta sami amincewa kafin ta isa hannunsa. Ta mai sayen ɗai-ɗai kuma, mai ɗauke da lambar QR, dole a kai rahotonta cikin awa 24. Fatura in ta fita ba a goge ta kuma ba a yi mata kwaskwarima. In an yi kuskure ko an dawo da kaya, wata takarda ake fitarwa mai nuni ga ta farkon. Ka ga ke nan "bari sai ƙarshen wata" ya ƙare, ko Kawu yana so ko ba ya so.

Littafin bashi kuwa, ka tuna masa aya ta 282 a Suratul Baƙara, mafi tsawon aya a Alƙur'ani, wadda ta umarci muminai su rubuta bashi idan sun ƙulla shi zuwa wani wa'adi. Zai ce ai yana rubutawa. Ka ce haka ne, amma rubutun da mutum ɗaya kaɗai yake iya karantawa, in rashin lafiya ta zo, Allah ya kiyaye, haƙƙin iyalinsa da na masu binsa duk sai ya shiga duhu. Ba sai yaran shago sun ga wa ake bi nawa ba. Manhaja tana iya rufe wannan shafi ga kowa sai shi da kai. Abu uku kake so ka fito da su daga wannan zama: nawa ya yarda a kashe a shekara, wa zai yanke hukuncin ƙarshe, da alƙawarin cewa daga ranar da aka fara, duk kayan da suka fita shago ko sito a lokacin za a shigar da su, kuma wanda ya fitar shi zai shigar. Na ukun shi ne zai dawo maka da dararenka.

Shi kansa taron, ka san abin da za ka tarar. An fara LEAP a 2022, Ma'aikatar Sadarwa da Fasahar Zamani tana cikin masu shirya shi, kuma ya girma har masu shiryawar suka ce mahalarta sun haura dubu 200 a 2024. Mafi yawan abin da ke ciki ba naka ba ne: manyan yarjejeniyoyin gwamnati, ƙirƙirarriyar basira, mutum-mutumi, masu neman jari. Wanda ya shiga ba da niyya ba zai yini yana yawo, ya fito da jaka cike da ƙasidu da ciwon ƙafa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun kana Jidda ka yi rajista, ka buɗe jerin masu rumfa, ka fitar da biyar ko shida da suke yin manhajar lissafi da ƙididdigar kaya ga masu kasuwanci irin naku, ka tura musu saƙo ka nemi lokaci. SAP da Oracle da Microsoft Dynamics sunaye ne manya, amma galibi an gina su ne don kamfanoni masu rassa da ma'aikata da yawa, kuma girka su kaɗai aiki ne na watanni. Masu shago da sito ɗaya sun fi duba irin Odoo na Beljiyam, Zoho na Indiya, ko na gida irin Qoyod. Ba ina zaɓa maka ba ne, ina nuna maka layin da za ka fara dubawa.

A rumfa, saurayi mai fara'a zai juyo maka da allo ya nuna maka kamfanin gwaji wanda komai nasa a daidaice yake, kowane mai saye ya biya a kan lokaci, babu kayan da aka dawo da su. Ka gode masa, sannan ka ciro takardarka. Ka zo da ciniki goma na gaske daga watan da ya wuce, waɗanda suka fi ba ka wahala, bayan ka cire sunaye da lambobin waya (dokar kare bayanan mutane ta fara aiki tun Satumban 2023, kuma ko babu doka amanar abokan ciniki ce). Ka ce ya shigar da su a gabanka. Ga mai sari da ya ɗauki dozin talatin, ya biya rabi, ya dawo da dozin biyu saboda ɗinkin ya ɓaci, ya cika saura bayan wata uku: nuna mini. Ga abaya iri ɗaya mai girma biyar da launi huɗu, ana sayenta da dozin ana sayarwa ɗai-ɗai: nuna mini yadda za ta ragu a sito in an sayar a Balad. Ga intanet ya ɗauke ana tsakiyar ciniki da daren Ramadan, layi har waje: me zai faru da faturar? Ka lura da hannunsa. In ya yi abin cikin minti biyu, alama ce mai kyau. In ya ce "wannan za a iya gina muku shi", ka tambayi nawa da kuma yaushe, ka rubuta a gabansa.

Ka tambayi maganar kuɗin waje ma. Riyal a ɗaure take da dala a kan 3.75, naira kuwa tun da aka sake ta a Yunin 2023 ta yi faɗuwar da masu sarinku suka fi kowa ji a jikinsu, don haka dole bashi ya zauna a rubuce da riyal, manhajar kuma ta iya nuna abin da aka karɓa da wani kuɗin da canjin ranar. Kayan da aka fitar ƙasar waje harajinsu sifili ne idan akwai takardun da suka tabbatar da fitar, amma ko cinikin Alhajin da ya zo da kansa ya saya ya miƙa wa kargo ya cika sharuɗɗan, wannan tambaya ce ta masanin haraji, kada ka karɓi fatawar mai talla a kai. Haka kuma in ya ce maka sunansu yana jerin da ZATCA ta wallafa, ka sani jerin na nuni ne kawai, alhakin bin doka yana kan mai kasuwanci. Ka nemi lambar wani shago a Jidda da ya riga ya haɗa da Fatoora ta hannunsu, in ka dawo ka je ka sha shayi da akantansu.

Farashin da ke kan ƙasida ba shi ne farashi ba. Akwai kuɗin kowane mai amfani, kuɗin girkawa, kuɗin kwaso tsofaffin bayanai, kuɗin koyarwa, da abin da za a caje ku a shekara ta biyu bayan rangwamen farko ya ƙare. Ka sa a rubuta maka jimillar shekara uku. Ka tambaya in kun bar su, ta yaya za ku kwashe bayananku, domin takardun haraji ana ajiye su aƙalla shekara shida. Ka tambayi wa zai ɗaga waya in abu ya tsaya ranar Asabar da dare, da wane harshe. Kuma duk daɗin rangwamen "na taro kawai", kada ka sa hannu a Riyad. Ka karɓo gwajin kyauta na biyu ko uku, ka kawo Balad, ka miƙa wayar ga yaron shagon da ya fi kowa ƙin na'ura. Wadda ya iya yanka fatura da ita ba tare da ya kira ka ba, ita ce ke kan gaba.

Ka ce ranka yana so, kuma ban ga abin kunya a ciki ba. In ka gama da rumfunanka, ka ba kanka rabin yini na biyu ka zaga, ka zauna ka saurari lacca ɗaya da ta ja hankalinka ko ba ta shafi shago ba, ka gaisa da masu aiki irin naka, ku yi musayar lamba. Akanta ɗaya da ya riga ka shiga wannan ramin ya fita zai fi maka ƙasida ɗari amfani. Ka sa wa gida lokacin kira, bayan magariba misali, ka kuma cika. Ka sa yarinyar ta karanta maka abin da za ta karanta a walima, ta waya, kana saurare har ƙarshe.

In ka dawo, kada ka yi wa maiɗakinka alƙawarin cewa daga yau an huta. Watannin farko na sauya manhaja sun fi na da wahala: ƙidayar kaya ɗaya bayan ɗaya, shigar da tsohon bashi, yaran shago suna kuskure suna kira. Ka gaya mata haka ƙarara, ka ba ta watan da kake sa ran abin zai lafa. Ku zaɓi farkon zangon haraji ku fara (masu cinikin da bai kai riyal miliyan 40 a shekara ba duk wata uku suke kai bayani), kuma ku kauce wa Ramadan da lokacin Hajji gwargwadon yadda wa'adin hukuma ya bari, don a lokacin babu mai hankalin koyon sabon abu a Balad. Amma doka ɗaya ka kafa wa kanka tun daga wannan watan, ba sai manhaja ta zo ba: kwali ba ya shiga gida. In aiki ya yi yawa, ka zauna a shago dare biyu sanannu, ka faɗa mata tun da wuri, sauran dararen ka shigo hannu sake.

In kuwa ka zauna da Kawu ya ƙi faɗin adadin kuɗi, ya ƙi barin littafin aljihu, ya ce kai dai je ka gano, to bana ka haƙura da Riyad, don za ka kashe kuɗin jirgi da masauki ka dawo da abin da ba za a yi aiki da shi ba. Wa'adin hukuma ba zai jira ba, saboda haka ka kira kamfani uku su zo Balad ko su nuna muku ta bidiyo, Kawu yana zaune yana gani da idonsa, shi ma ya jefa musu tambayoyinsa na bashi. Taron kuma ka sa shi a lissafin baɗi, ko ka duba Biban da hukumar Monsha'at take shiryawa domin ƙanana da matsakaitan sana'o'i, ka kuma nuna wa maiɗakinka ranakun tun kafin ka yi rajista.